Ranar da Aka Ajiye Ihsan a Benci

"Ba ke za ki fara ba yau."

Ihsan tana duƙe tana ɗaure igiyar takalmin ƙwallonta maganar ta sauka a kanta. Ta ɗago a hankali ta dubi Kabtin Bakhita, mataimakiyar kocinsu, tana jiran ta ga ta yi dariya.

Bakhita ba ta yi dariya ba.

"Ban gane ba, Kabtin."

"Tasneem ce za ta buga gaba. Ke kina benci... kuma daga sama aka ce ko taɓa ƙwallo kada a bari ki yi."

 Sauran 'yan wasan da ke ɗakin sauya kaya kowacce ta ƙirƙiro wa kanta aiki, mai gyara safa na yi, mai ɗaure kallabi na yi, babu wadda ta yarda suka haɗa ido da ita.

Yau fa! Yau da ake wasan kusa da na ƙarshe na cin kofi, yau da wakiliyar wani kulob na Ingila ta yi alkawarin zuwa Alƙahira takanas don ta ga Ihsan a fili. Ranar da ta kwana ta tashi da ita a rai tun farkon kaka, ita ce za a ce ta zauna ta naɗe hannu.

Bakhita ta kamo hannunta ta ja ta waje. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taho aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin kogin Nilu, suka zauna. Duk sanda ba ta son Misirawa su ji magana, Hausa take juyawa.

"Ƙanwata, me ya sa kika ɓoye mana za ki bar ƙwallo?"

"Wa zai bar ƙwallo?"

"Ke mana. 'Yar uwarki Hafsatu ta zo wurin shugaban kulob shekaranjiya. Ta ce an zauna a kan maganar aurenki an gama, angon ya amince daga ƙarshen kakar nan kin rataye takalmi. Shugaba ya hau sama ya faɗo, wai kin mayar da shi yaro, kin sa yana cika baki a gaban Turawa a kan 'yar wasan da ta riga ta ajiye."



"Baturiyar fa? Ta iso?"

Bakhita ta kawar da kai.

"Ya kira ta ya ce kada ta wahalar da kanta. Ta fasa tahowa."

Wanda bai san Ihsan ba zai ce ai ƙwallo ce kawai, to bari ku ji. A arewacin Ingila aka haife ta. Mahaifinta likita ne Bakatsine, mahaifiyarta Baturiya da ta musulunta, kuma dokar gidansu ita ce duk wanda ya tsallako ƙofa Hausa zai yi. Tun tana 'yar mitsitsiya take fasa wa maƙwabta tagogi da ƙwallo, kafin ta kai ashirin wani kulob ya ba ta kwantiragi, jaridu suka fara kiran sunanta. Sai jijiyar gwiwarta ta tsinke a tsakiyar wasa. Ta shekara tana koyon tafiya kamar jaririya, ranar da ta warke kuma kulob ɗin suka yi mata godiya suka sallame ta. Duk faɗin Ingila aka rasa mai ɗaukarta. Wannan kulob na Alƙahira ne kaɗai ya ce ta zo, ta zo kuwa, ta dinga zura ƙwallo a raga kamar mai ramuwa, har labari ya koma inda ya fito.

Haka ta zauna a benci ranar nan, haƙoranta a datse, tana kallon Tasneem tana ɓarar da damar da ko da ido rufe ita za ta ci. Aka doke su da ci ɗaya.

Ko wanka ba ta tsaya yi ba. Ta zura abaya a kan kayan wasa, ta tare tasi ta ce a kai ta unguwar Darrasa.

Rilwanu, wanda za ta aura, yana kan tsani a shagon littattafan da yake taya tsaro bayan ya taso daga jami'a. Dogo ne siriri, ɗalibin fiƙihu daga Zariya, mai sanyin murya da sanyin hali. A wannan shagon suka fara haɗuwa, ranar da Hafsatu ta rako ta neman littafin koyon Larabci. Shi ya koya mata Larabcin, ita kuma ta dinga yi wa Turancinsa dariya, daga nan zance ya zarce inda ya zarce.

Yana hango ta ya washe baki.

"Habibati, yaya wasan? Nawa kika..."

"Sauko."

Murmushin ya gudu. Ya sauko yana kallon takalmin ƙwallon da ke leƙowa ta ƙarƙashin abayarta.

"Lafiya, Ihsan?"

"Ranar Juma'a da kuka zauna a falon Baffa Mainasara, kai da yayanka, me aka ce a kaina?"

 Nan take ya sha jinin jikinsa.

"Maganar sadaki aka yi, da lokaci..."

"Rilwanu, kada ka raina min hankali. Me aka ce a kan ƙwallona?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi mai shagon da ya ajiye shayinsa yana kallonsu duk da ba ya jin ko kalma ɗaya.

"Yaya Ɗanmalam ne ya ce... in an yi aure za ki bari. Baffa ya ce hakan ya yi."

"Kai kuma ka ce me?"

"Ban ce e ba, wallahi ban ce ba."

"Ka ce a'a?"



"Tambayarka nake. Ka ce a'a?"

"Sunkuyar da kai na yi."

Ihsan ta yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita.

"Ka sunkuyar da kai. Ana yanka ni a faranti, kai kana ƙirga zaren darduma."

"Ki saurare ni, don Allah. Haka ake yi a wurinmu. Babba in ya yi magana a taro ba a katse shi, balle a gaban surukai. Bari ake yi taro ya watse, daga baya a bi shi a hankali a gyara. Niyyata bayan biki in lallaɓa shi, in sa Inna ta sa baki. Ko da wasa ban taɓa tunanin hana ki ba."

"A wurinku? Ni kuma 'yar ina ce? Daga sama na faɗo?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Bayan biki! To bari in ba ka labarin kafin biki. An kai maganar kulob. Yau a benci na wuni. Matar da na yi wata da watanni ina jira ta fasa zuwa, don an ce mata na ajiye ƙwallo, angona ya amince."

Littafin da ke hannunsa ya suɓuce ya faɗi.

"Innalillahi... wa ya kai?"

"Wanda ya kai daban, wanda ya ba shi abin kaiwa daban. Da ka buɗe baki, me za a kai?"

"Ihsan, Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Shi ya sa ni makaranta, shi ya kawo ni Masar. Tun da nake ban taɓa musa masa a gaban mutane ba."

"Ni kuma tun da nake ban taɓa ba wani ajiyar rayuwata ba sai kai. Kai ne ka raka ni gashin gwiwa duk ranar da ta kumbura. Ka ga lokacin da nake tsoron in yi tsalle. Da wani ne ya yi min haka sai in ce bai sani ba, kai fa ka sani."

Ya miƙo hannu kamar zai tare ta, ya tuna inda suke, ya janye.

"Me kike so in yi, ranki ya daɗe? Ki faɗa in yi."

"Juma'a mai zuwa, falon nan dai, mutanen nan dai. Abin da kake faɗa min a ɓoye ka faɗe shi a gabansu. In ba za ka iya ba, ka manta ka taɓa sanin wata Ihsan."

Ta juya ta fita, ƙusoshin takalminta suna ƙwas-ƙwas a kan dutsen lungun.

A unguwar Madinat Nasr take zaune, gidan ƙanin mahaifinta Baffa Mainasara, ma'aikacin ofishin jakadanci, wanda mahaifin ya wakilta a kan maganar aurenta. Ɗaki ɗaya suke kwana da 'yarsa Hafsatu. Ta same ta a miƙe a gado tana shan mangwaro hankali kwance, kamar ba ita ta kunna wutar ba.

"Wa ya aike ki kulob ɗinmu?"

Hafsatu ko gezau.

"Au, laifi ne? Shayi na kai falo na ji ana magana. Ni na yi miki tafinta ranar da kika sa hannu a wurinsu, na ga bai kamata a bar bayin Allah a duhu ba. Ƙarya na yi?"

"Kin tambaye ni?"

"Shi angon naki ya tambaye ki?"

Maganar ta soki Ihsan inda ya fi zafi, Hafsatu kuwa ta gani, sai ta tashi zaune ta ajiye ƙwallon mangwaron.

"Bari in faɗa miki gaskiya, tunda kowa tsoron bakinki yake. Rilwanu ɗan malamai ne. Matar da za ta zauna masa a gida yake buƙata, ba wadda za ta dinga tsere a gaban maza ba. Kafin ki san hanyar Masar na san shi. Ni na kai ki shagon nan da ƙafata, kika zo da Hausarki ta 'yan koyo kika ɗauke min shi ina ji ina gani."

"To ashe nan ne ciwon."

"Nan ne. Yanzu sai ki zaɓa, shi ko ƙwallo. Duk wanda kika saki, ni dai na huce."

Hannun Ihsan ya ɗaga da kansa. Allah ya taimaka ta tuna a gidan wa take, ta sauke shi.

"Da a fili muke, Hafsatu, da yau an fitar da ke a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ki gode wa Baffa."

Ta zuba kayanta a jaka ta koma gidan Bakhita.

Kwanakin nan ba su yi mata daɗi ba ko kaɗan. Rilwanu ya kira har wayar ta gaji, ba ta ɗaga ba. Ta kira mahaifinta a Ingila, ya rantse bai san da wannan sharaɗi ba, amma ya ƙare da cewa ta bi Baffanta a hankali, ƙaninsa ne. Kowa a hankali, kowa a hankali, ita kaɗai aka yi wa da gaggawa. Kullum da safe sai ta riga kowa zuwa filin atisaye ta dinga dukan ƙwallo har mai gadi ya fara tausayin ragar. Abin haushin kuma, duk wannan fushin bai rage mata son Rilwanu ba. In ta ci wata ƙwallo mai kyau, shi take fara tunanin ba wa labari, sai ta tuna, ta ja tsaki.

"Kina sonsa," in ji Bakhita wata rana suna cin wake da gurasa.

"Shi ya sa nake ji kamar in shaƙe shi."

"Tamam. Alama ce mai kyau."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza suka zauna a falon Baffa. Baffa a kan doguwar kujera, Malam Ɗanmalam kusa da shi da carbi a hannu, Rilwanu a ƙasa kan darduma, daidai ƙafar yayansa. Sa rana suka zo yi.

Ihsan ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa ta gaishe su.

Baffa ya zaro ido.

"Ke Ihsan, me ya kawo ki nan? Ba ki ga maza ne a zaune ba? Tashi ki shiga ciki."

"Baffa, ka yi haƙuri. Wancan makon ina ciki aka yanke min hukunci. Yau ina so a yanke ina ji."

"Kin ga irin tarbiyyar Turai ko? Yarinya ta shigo maganar aurenta da ƙafarta!"

Malam Ɗanmalam ya ɗaga hannu. Mutum ne kamili, yana karatun digirin ƙarshe a jami'ar, ɗaliban Najeriya duk suna girmama shi. Bai ɗaga murya ba.

"Bar ta, Alhaji. 'Yata, ba ƙinki nake ba. Na ji kina rufe jikinki a fili, na yaba. Amma mahaifinmu limami ne, har yau da sunansa ake kiran gidanmu. Gobe wani zai ɗauki waya ya kai wa tsohuwarmu, ya ce ga surukarki tana gudu maza suna ihu. Da wane ido za ta fita unguwa? Abin da na duba ke nan, kuma ƙanina ya amince."

"Allah ya ƙara girma, Malam. Na ji dalilinka, kuma ban raina tsohuwa ba. Sai dai ni ƙwallo ba wasa ba ce a wurina, sana'ata ce, ita na iya, a kanta aka farke min gwiwa aka ɗinke. Ba zan bari ba, ko don wa. Da an tambaye ni tun farko da na faɗa, kowa ya huta." Ta juya. "Saura maganar ƙaninka. An ce ya amince. Ga shi nan, ya faɗa da bakinsa."



Rilwanu kansa a ƙasa. 

Ihsan tana kallon ƙeyarsa. Ta jira. Ta ƙara jira. Can ta dafa ƙasa za ta miƙe, don ta riga ta ga amsarta.

"Yaya..."

Muryar Rilwanu ce.

"Yaya, ka gafarce ni. Ban amince ba."

Carbin ya tsaya a hannun Malam.

"Me ka ce?"

Rilwanu ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, amma bai mayar da kan ƙasa ba.

"Ban amince ba, tun ranar ma ban amince ba. Kunyarka ta hana ni magana, shirun nan nawa kuma ya cuci baiwar Allah. Da ƙwallonta na gan ta, a haka na ce ina so. Ba zan aure ta da alkawarin da ba ita ta ɗauka ba. Inna kuma ni zan kira ta in yi mata bayani, in ta yi fushi ni za ta yi wa."

"A gaban surukai kake ƙaryata ni, Rilwanu?"

"Ban ƙaryata ka ba, Yaya. Kaina na ƙaryata."

Malam Ɗanmalam ya daɗe yana kallonsa. Da faɗa ya yi da ya fi sauƙi. Sai kawai ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Ka girma. To ka nemi wanda zai karɓar maka auren, ba ni ba. Alhaji, a gafarce ni."

Rilwanu ya zabura ya riga shi zuwa ƙofa, ya durƙusa zai juya masa takalma kamar yadda ya saba tun yana yaro. Malam ya sunkuya ya ɗauke takalmansa da hannunsa, ya fita da su a haka, sai a kan matakala ya saka.

Rilwanu ya kasa tashi daga durƙuson.

Baffa ya yi ta sababi, ya ce shi ya cire hannunsa, ya ce zai kira Ingila, ya ce Hafsatu ma sai ta gaya masa wanda ya aike ta. Ihsan ba ta ji rabin abin da yake faɗa ba. Tausayin Rilwanu ya kama ta har cikin ƙashi, amma fushin yana nan daram, ko motsi bai yi ba.

Ta tsaya a kansa.

"Tashi. Ba mu gama ba."

Washegari ta tasa shi gaba har ofishin shugaban kulob. Rilwanu ya zuba Larabci, ya ɗauki laifin duka ya ɗora wa kansa. Shugaba ya yi ta huci yana buga tebur, daga baya ya sauko, ya ce ma'alish, wato ba komai, ta koma fili. Da suka fito, suka zauna a kan matakalar 'yan kallo, rana tana dukan kujerun da babu kowa. Ihsan ta lalubo lambar wakiliyar kulob ɗin Ingila ta miƙa masa wayar.

"Kai za ka yi mata magana."

"Da wane Turancin?"

"Da wanda kake da shi."

Ya karɓa. Wallahi da wata rana ce da Ihsan ta yi dariya har ta faɗi, don Turancin nan ya sha wuya a bakinsa. Ya ce shi ne mijin da za ta aura, ya ce kuskurensa ne, ya ce ba ta bari ba kuma ba za ta bari ba, ya roƙi matar ta zo ta gani da idonta. Matar ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce a ba ta Ihsan.

Ta yi magana mai daɗi, irin ta mutanen da suka saba ba da labari marar daɗi. Gurbi ɗaya suke da shi na 'yar wasan gaba. Da aka ce musu Ihsan ta ajiye, sai suka ɗauki wata yarinya, har ta sa hannu. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Ta ce wataƙila baɗi, in gwiwar ta riƙe.

Ihsan ta kashe wayar ta ajiye a gefe.

"Me ta ce?"

"Sun ɗauki wata."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ba irin kukan da ake lallashi ba ne, kuka ne na baƙin ciki, tana yi tana dukan cinyarta da hannu.

"Baɗi! Ka san mene ne baɗi a wurin mai gwiwa irin tawa? Kowane wasa na shiga ban san ko da ƙafata zan fito ba. Na yi komai daidai, Rilwanu. Na yi jinya, na bar uwata da ubana, na zo ƙasar da ban san kowa ba, na ci musu ƙwallo har suka gaji da ƙirgawa. Abu ɗaya ya rage, a zo a gan ni. Kai kuma ka kasa cewa a'a."

Bai ce ta yi haƙuri ba, ya san ba wurinsa ba ne.

"Gaskiyarki ne. Ba ni da abin da zan biya ki da shi. In kin ce kin fasa, ba zan ga laifinki ba, zan je in gaya wa Baffa da kaina."

Ta juyo ta watsa masa harara da jajayen idanu.

"Wato ka rasa yayanka, ni na rasa Ingila, sannan mu rabu kowa ya tashi a tutar babu? Don Hafsatu ta ji daɗi? Kana da hankali kuwa?"

"Ihsan..."

"Zan aure ka. Ina sonka, ban san yadda zan yi in daina ba, na gwada kwanakin nan abin ya ƙi. Amma ka sani ban huce ba. Ban san ranar da zan huce ba, kuma kada ka kuskura ka tambaye ni."

Hawaye suka zubo masa, ya sa hannun riga ya share.

"Na ji, habibati. Zan jira."

Bayan an rufe kaka aka ɗaura auren a wani ƙaramin masallaci a Madinat Nasr. Mahaifinta ya zo daga Ingila ya ba da ita da kansa, wani malamin su Rilwanu ya karɓa masa. Tsohuwarsu ta yi fushi ta sauko, ta aiko da turaren wuta da albarka. Malam Ɗanmalam bai zo ba. Har aka shafa fatiha Rilwanu yana waiwayen ƙofa.

Sabuwar kaka ta kama, Ihsan ta koma fili da rigar kulob ɗinta na Alƙahira. Wata ranar Asabar da la'asar ta dawo daga atisaye, ta zauna a falonsu ta ɗora ƙanƙara a gwiwa tana duba waya. Sai ga hoton bidiyo daga Ingila. Yarinyar da aka ɗauka a gurbinta ce ta ci ƙwallonta na farko, filin ya cika maƙil, ana ta kiran sunanta.

Rilwanu ya fito daga kicin da shayi. Yana ganin fuskarta ya ajiye kofin ya zauna kusa da ita.

Ta miƙa masa wayar.

"Kalla."

Ya kalla har ƙarshe, bai kawar da ido ba.

"Ni ya kamata in tsaya a wurin nan."

"Na sani."

"Kuma da ni ce, da ƙafar hagu zan buga, ba sai na tsaya gyarawa ba."

"Na sani, Ihsan."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, haƙoranta a datse, hawaye yana jiƙa masa riga.

"Sake kunnawa," ta ce.

Ya sake kunnawa.